Wasan Besbol Da Jikin Yaro: Abin Da Yake Ginawa Da Inda Yake Yi Wa Lahani

A shekarar 1938, a garin Williamsport da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Carl Stotz yana wasan jifa da cafe ƙwallo da 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu a tsakar gida, sai tunani ya zo masa cewa yara sun cancanci su yi wasan besbol na sosai, da riguna da alƙalin wasa da gasa, ba a bar su suna kwaikwayon manya a lungu ba. Ya nemi 'yan kasuwar garin su taimaka, uku daga cikinsu suka amince, kowanne ya ɗauki nauyin ƙungiya guda a kan dala 30. Ranar 6 ga Yunin 1939 aka buga wasan farko na abin da ake kira Little League, wanda a yau ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 80, yara kusan miliyan biyu suna cikinsa.

Babbar hikimar da Stotz ya yi ita ce rage filin. A filin manya, tazarar da ke tsakanin zango da zango mita 27 ce da 'yan kai, mai jifa kuma yana tsayawa da nisan mita 18 da rabi daga mai bugu. A filin yara aka mayar da ta farko mita 18, ta biyu mita 14. Wato an yanka wasan daidai da jikin mai yinsa, kamar yadda tela yake yanka riga. Duk amfanin da likitoci da malaman motsa jiki suke faɗa game da besbol yana tabbata ne muddin an kiyaye wannan awo. Inda aka manta da shi, wasan da ake sa ran zai gina yaro shi ne yake kai shi ɗakin tiyata.

Yadda ake wasan

Ga wanda bai taɓa kallo ba, besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowacce da 'yan wasa tara. A fili akwai zanguna huɗu da aka jera a kusurwoyi huɗu, ɗaya daga cikinsu ana kiransa gida. Ƙungiya ɗaya tana bazuwa cikin fili domin tsaro, ɗayar kuma tana turo mutanenta ɗaya bayan ɗaya su tsaya a gida riƙe da sanda. Mai jifa, wanda yake tsakiyar fili, yana wurgo ƙwallo zuwa ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune a bayan mai bugu. Idan mai bugu ya kasa samun ƙwallo mai kyau har sau uku, ya fita. Idan ya same ta ta shiga fili, sai ya yar da sanda ya sheƙa zuwa zangon farko, masu tsaro kuma su yi ƙoƙarin cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ko su aika da ita zangon kafin ya isa. Wanda ya zaga zangunan duka ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki guda. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Idan kowane ɓangare ya yi nasa bugun, an gama turmi ɗaya. Manya suna yin turmi tara, yaran Little League shida.

Ƙwallon kanta ba ta kai girman lemo babba ba, nauyinta tsakanin giram 142 da 149, an lulluɓe ta da fata an ɗinke da jan zare, kuma tana da tauri ƙwarai. Shi ya sa masu tsaro suke sa wata babbar safar hannu ta fata, mai bugu kuma yake sa hular kwano. Yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai ba a wurgo musu ƙwallo tukuna. Ana ɗora ta ne a kan wani ɗan turke mai tsayin ƙugu, yaro ya daidaita tsayuwarsa ya buga abin da yake tsaye cak, har idonsa da hannunsa su saba da juna.

Abin da jiki yake koya

Masana tarbiyyar jiki suna raba ƙwarewar motsi ta ƙuruciya gida biyu: ta ɗaukar jiki daga wuri zuwa wuri, kamar gudu da tsalle, da ta sarrafa wani abu, kamar jifa da cafewa da bugu da shuri. Ta farkon kusan kowane yaro mai lafiya yana samunta da kansa. Ta biyun ba ta zuwa sai da koyo da maimaici. Besbol ya tara uku daga cikinta wuri guda, abin da ƙwallon ƙafa, duk da yawan alherinta, ba ta yi, domin ita ta bar hannaye ba aikin yi in ba na mai tsaron gida ba.

Jifa ya fi kama da aikin hannu a idon mai kallo, alhali aikin jiki ne gaba ɗaya. Ƙaramin yaro da bai koya ba yana tsayawa ne gaba da gaba da abin da zai jefa, ƙafafunsa a haɗe, ya tura ƙwallon da gwiwar hannu kawai. Bayan an jima sai ya fara taka ƙafa gaba, amma ƙafar ɓangaren hannun da yake jifa da shi, wanda kuskure ne. Wanda ya ƙware shi ne yake juya gefe, ya taka da ƙafar ɗaya ɓangaren, ƙugunsa ya juya, ƙirjinsa ya biyo baya, kafaɗa ta biyo, sa'annan hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Ƙarfin yana tasowa daga ƙasa, ya bi ta cinyoyi da ƙugu da tsokokin ciki da na baya. Saboda haka yaron da ake koya wa jifa na ƙwarai, a haƙiƙa ana koya masa tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ba tangaɗi, da jera motsin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido.

Wannan baiwa ta ɗan Adam ce shi kaɗai. Wani bincike da Neil Roach da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa kafaɗar mutum tana tara ƙarfi a jijiyoyinta lokacin da ya ja hannu baya, kamar yadda gwafar roba take yi idan an ja ta, sa'annan ta sake shi gaba ɗaya. Babban biri na jinsin cimfanzi, duk da ya fi mutum ƙarfin damtse, jifansa ba ya wuce gudun kilomita 30 da wani abu a awa. Yaro ɗan shekara 12 da ya samu horo yana iya ninka wannan sau uku. Ba kuma maza kaɗai ba. Tun 1974 Little League ta buɗe ƙofa ga 'yan mata, kuma a 2014 wata yarinya 'yar shekara 13 daga Philadelphia, Mo'ne Davis, ta yi jifa mai gudun kusan kilomita 110 a awa a babbar gasar Williamsport, ta hana ƙungiyar maza cin ko maki ɗaya daga farkon wasa har ƙarshensa.

Bugu shi ne ɗaya gefen al'amarin. Ƙwallon da ta taso da irin wannan gudu daga nisan mita 14 tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A wannan ɗan taƙi ne yaro zai gan ta, ya ƙiyasta inda za ta bi, ya yanke shawarar bugu ko ƙyalewa, ya kuma kawo sanda mai zagaye ta haɗu da ƙwallo mai zagaye. Ko a tsakanin ƙwararrun duniya, wanda yake yin nasara sau uku cikin goma gwani ne da ake ji da shi. Cafewa ma haka take. Ƙwallon da aka buga sama can tana buƙatar yaro ya yi gudu idonsa a sama, yana auna inda za ta sauka ba tare da ya kalli ƙasa ba. Duk wanda ya ga 'yan mata suna wasan carafke da tsakuwa ya ga ƙaramin misalin wannan haɗin kai na ido da hannu, sai dai a besbol an ƙara masa gudu da nisa.

Sai maganar ƙashi, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi da kimiyya ta samo daga wannan wasa. Ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara kauri a wurin da ake ɗora masa nauyi, musamman a shekarun girma. Matsalar masu bincike a kullum ita ce rarrabe abin da motsa jiki ya kawo daga abin da gado da abinci suka kawo. 'Yan besbol sun warware musu wannan, domin mutum ɗaya ne da hannaye biyu, jini ɗaya, abinci ɗaya, amma hannu ɗaya ne kawai yake jifa. A 2014 Stuart Warden na Jami'ar Indiana da abokansa suka auna ƙashin damtsen ƙwararrun 'yan wasa, suka tarar ƙarfin na hannun jifa ya kusa ninka na ɗayan. Da suka auna tsofaffin da suka daina wasa shekaru da dama, sai suka ga nauyin ƙashin da aka samu ya zube, amma kusan rabin ƙarin faɗinsa da sulusin ƙarin ƙarfinsa suna nan har tsufa. Ma'anar wannan ta wuce besbol: abin da aka gina wa ƙashi a ƙuruciya, wani kaso nasa yana raka mutum har ƙarshen rayuwa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Wasan yana da gurbi ga kowane irin jiki. Yaro mai ƙiba wanda ba zai jure gudun minti casa'in ba yana iya zama gwanin bugu ko mai cafewa. Siriri mai zafin nama yana tsaron tsakiya. Bahago, wanda a wasu gidaje ake tsangwama, a nan nemansa ake yi ruwa a jallo, domin jifansa yana rikita masu bugu. Kuma kowa sai layinsa ya zo, ba yadda za a yi gwanaye biyu su riƙe ƙwallo su bar saura suna kallo.

Sai dai masu tallata wasan sukan wuce gona da iri idan suka zo maganar zuciya da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum na motsi mai sa numfashi ya ɗaga, sa'annan kwana uku a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Besbol yana cika sharaɗi na biyu, na farkon kuwa da ƙyar. Wasa ne mai yawan tsayuwa da jira. Yaron da aka ajiye a can ƙarshen fili yana iya shafe turmi biyu ƙwallo ba ta zo wajensa ba. Wani bincike da aka yi a San Diego aka wallafa a 2011, inda aka ɗaura wa yara na'urar auna motsi a lokacin atisaye, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suke cika minti 60 ɗin, kuma 'yan besbol suna bayan 'yan ƙwallon ƙafa. Kocin da ya san aikinsa ba ya jera yara goma sha biyar a layi suna jiran sanda ɗaya. Yana raba su ƙananan rukunoni, wasu na jifa, wasu na gudu tsakanin zanguna, wasu na bugu, domin kada a yi awa biyu a rana ba a yi gumi ba. Uban da ya sa ɗansa a besbol ya ɗauka ya sauke nauyin motsa jikinsa gaba ɗaya, bai sauke ba.

Gwiwar hannun da ba ta gama ƙosawa ba

Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen icce shi ne kuma ya fi saurin tsagewa idan aka matsa masa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifai na guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Wannan wuri ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, kuma a gwiwar hannu ba ya rufewa ya zama cikakken ƙashi sai wajen tsakiyar shekarun samartaka. Duk lokacin da yaro ya yi jifa da iyakar ƙarfinsa, cikin gwiwar hannunsa yana buɗewa kaɗan, tsokoki da jijiya suna fizgar wannan guringuntsi. Jifa ɗaya ba kome ba ne. Ɗari a yau, ɗari gobe, mako bayan mako, sai wurin ya kumbura, wani lokaci har ɓallin ƙashi ya rabu. Tun 1960 likitoci a Amurka suka raɗa wa wannan ciwo suna da sunan Little League ɗin kanta. Kafaɗa ma tana da irin nata.

Idan guringuntsin ya rufe, nauyin yana komawa kan wata 'yar jijiya da ke riƙe da cikin gwiwar hannu. Ita ce ta tsinke wa wani ɗan wasan ƙungiyar Los Angeles Dodgers mai suna Tommy John a 1974. A wancan lokaci wannan yana nufin ƙarshen sana'a. Likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun nasa ya dasa masa, ya dawo fili a 1976 ya ci gaba da wasa har 1989. Aikin tiyatar ya ɗauki sunansa. An ƙirƙiro shi ne domin ceto sana'ar magidanta, amma wani nazari na bayanan inshorar lafiya a Amurka daga 2007 zuwa 2011 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka yi wa shi 'yan shekara 15 zuwa 19 ne. Jinyarsa tana cin shekara guda ko fiye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar binciken likitancin wasanni da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi sawun yara masu jifa 481 har tsawon shekara goma. Kashi biyar cikin ɗari sun samu mummunan rauni, wato tiyata ko barin wasan gaba ɗaya, kuma waɗanda suke wuce turmi 100 a shekara sun fi saura shiga wannan hali sau uku da rabi. Wani bincikenta na 2006 ya nuna cewa masu ci gaba da jifa bayan hannu ya gaji sun fi fuskantar tiyata sau 36. Ba wasan ne matsalar ba, yawan ne da rashin hutu. A bayan yawan kuma akwai manya: koci mai son kofi, da iyaye masu hangen gurbin karatu kyauta a jami'a ko kwantiragin miliyoyin daloli, waɗanda suke sa yaro ɗaya a ƙungiyoyi biyu ko uku, rani da damina ba tsayawa.

A 2007 Little League ta fara ƙidayar jifa a hukumance. Ɗan shekara 7 ko 8 ba zai wuce jifa 50 a rana ba, ɗan 9 ko 10 ba zai wuce 75 ba, ɗan 11 ko 12 kuma iyakarsa 85. Hutu ma an ƙayyade shi: wanda ya yi jifa 21 zuwa 35 zai huta kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 zuwa sama kwana huɗu. Akwai wanda aikinsa a bakin fili shi ne riƙe takarda yana ƙirgawa. A 2014 babbar hukumar ƙwararru ta MLB da hukumar besbol ta ƙasar suka fito da tsarin Pitch Smart, wanda ya ƙara da cewa yaro ya yi kusan wata huɗu a shekara ba ya wannan jifa, ya je ya yi wani wasan daban, kada kuma a haɗa masa aikin mai jifa da na mai cafewa, tun da mai cafewa shi ma yana mayar da kowace ƙwallo.

Haɗarin da ya fi wannan tsanani, ko da yake ba kasafai yake aukuwa ba, shi ne ƙwallo mai tauri ta sami ƙirjin yaro daidai saitin zuciya a wani ɗan taƙi na bugunta, zuciyar ta rikice nan take. Wannan ne ya sa ake amfani da ƙwallo mai laushi ga ƙanana, ake kuma son a samu wanda ya iya farfaɗo da numfashi a bakin fili.

Darasin Japan

Babu ƙasar da wannan muhawara ta yi zafi kamar Japan. Wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya kai wasan Tokyo a 1872, ya kuma shiga jinin mutanen ƙasar har ya zama wani ɓangare na tarbiyyar makaranta. Gasar makarantun sakandare ta bazara, wadda aka fara a 1915 kuma ake yi a filin Koshien da ke Nishinomiya tun 1924, tana tara ƙungiyoyi 49 daga dukkan lardunan ƙasar, gidan talabijin na ƙasa yana nuna kowane wasa kai tsaye. Wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida, kuma al'ada ce yaran da aka fitar su durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin a jaka domin tunawa.

A wannan al'ada, juriya ita ce ado. A 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai turmi 17, washegari ya sake shiga fili, jama'a suka mayar da shi gwarzo. A 2018 Kosei Yoshida na wata makarantar koyon noma da ke lardin Akita ya yi jifa 881 a wasanni shida cikin kusan mako biyu, a tsananin zafin Agusta. A wasan ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare, aka lallasa su.

Shekara guda bayan haka aka ga akasin wannan. Makarantar Ofunato da ke lardin Iwate tana da wani yaro, Roki Sasaki, wanda jifansa ya kai gudun kilomita 163 a awa. Ranar 25 ga Yulin 2019 suka kai wasan ƙarshe na lardi, nasara ɗaya ta rage musu su je Koshien karo na farko cikin shekara 35. Sasaki ya yi jifa 194 a wasa ɗaya kwana huɗu kafin nan, ya kuma yi 129 ana gobe wasan. Kocinsa, Yohei Kokubo, ya zaunar da shi a benci, ya ce domin kare shi daga rauni ne. Aka ci su 12 da 2. Makarantar ta sha kiran waya daga masu fushi, tsofaffin 'yan wasa suka rabu biyu a talabijin. Masu suka suna da hujjar da ba za a raina ba: sauran yaran ƙungiyar ba za su zama ƙwararru ba, wannan rana ita ce damarsu ɗaya tilo a rayuwa, kuma an sayar da ita domin makomar mutum ɗaya. Amma tsarin da yake tilasta wa malami ya zaɓa tsakanin burin yara goma sha takwas da hannun yaro ɗaya, shi ne abin tuhuma kafin malamin. Daga 2020 hukumar gasar ta kafa iyakar jifa 500 a mako ga kowane ɗan wasa, adadin da likitoci da yawa suke ganin har yanzu ya yi yawa. Hukumar da ke kula da wasan 'yan firamare, waɗanda suke amfani da ƙwallon roba, ta riga ta sa iyakar 70 a rana tun 2019. Saboda zafi kuma, daga 2023 ana tsayar da wasa a Koshien bayan turmi na biyar domin yara su sha ruwa su huce.

Sasaki ya zama ƙwararre. A watan Afrilun 2022 ya buga wasan da ko mutum ɗaya daga abokan hamayya bai kai zangon farko ba, a 2025 kuma ya koma Dodgers, inda ciwon kafaɗa ya zaunar da shi watanni. Hutun kwana ɗaya ba layar tsari ba ne. Makarantar da ta ci su a wancan wasa, Hanamaki Higashi, ita ce ta yaye Shohei Ohtani, wanda ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma a ƙarshen 2023, kuma shi ma sau biyu ana yi masa aiki a gwiwar hannu. A shekarar ce ya raba safar hannu kusan 60,000 ga makarantun firamare kusan 20,000 na Japan, uku ga kowace makaranta, ɗaya daga ciki ta bahago.

A nahiyar Afirka

Kyautar Ohtani ta taɓo abin da ya hana wasan yaɗuwa a ƙasashe marasa ƙarfi, wato tsadar kaya. Ƙwallon ƙafa tana buƙatar ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu. Besbol yana buƙatar safar hannu tara, da sanduna, da hulunan kwano, da sulken mai cafewa, da fili mai faɗi, kusan duka kuma sai an shigo da su daga waje. Duk da haka ba baƙo ba ne gaba ɗaya. An buga shi a gasar wasannin Afirka da Abuja ta karɓi baƙunci a 2003, Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare. Ɗan ƙasar ne kuma, Gift Ngoepe, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a MLB, a 2017. A ɓangaren yara Yuganda ce a gaba. Ƙungiyarta ta cancanci zuwa Williamsport a 2011 amma aka hana ta biza saboda saɓani a takardun haihuwa, sai a 2012 yaran garin Lugazi suka zama na farko daga Afirka da suka taka wannan fili. A 2015 wata ƙungiyar daga Kampala ta doke ta Jamhuriyar Dominika, ƙasar da besbol yake kamar abincin yau da kullum.

Hukumar besbol ta duniya ta nemi mafita daga titunan birnin Habana na ƙasar Kyuba, inda yara suka daɗe suna wani wasa da ƙwallon roba ba sanda ba safar hannu. Ta tsara masa dokoki ta kira shi Baseball5. 'Yan wasa biyar ne a kowane ɓangare, maza da mata a haɗe a manyan gasanni, turmi biyar, tazarar zanguna mita 13, a fili mai kusurwa huɗu da kowane gefensa yake mita 18, wanda harabar makarantar firamare za ta ɗauka. Mai bugu shi ne yake riƙe ƙwallon ya buga ta da tafin hannu ko dunƙule ya ruga. Babu mai jifa ko kaɗan, don haka babu yaro ɗaya da ake ɗora wa jifa ɗari a yini, kuma da yake fili ƙarami ne 'yan wasa kaɗan, jiran da ake kuka da shi ya ragu ƙwarai. Abin da aka rasa shi ne gwanintar sanda da wani kaso na wancan nauyi da yake kaurara ƙashin damtse.

An yi gasar cin kofin duniya ta farko ta wannan sabon wasa a birnin Meziko a 2022, Kyuba ta doke Japan a wasan ƙarshe, Kenya da Tunisiya da Afirka ta Kudu suka wakilci nahiyar. An kuma sa shi cikin jerin wasannin gasar Olamfik ta matasa da aka tsara yi a Dakar ta ƙasar Senegal daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamban 2026, wadda ita ce gasar Olamfik ta farko a ƙasar Afirka. Kayan da ake buƙata domin fara shi a makaranta su ne ƙwallon roba ɗaya da allin da za a zana zanguna.